Ƙusar da Ta Daina Karyewa

Shekarun baya can, lokacin ina koyar da ɗaliban injiniya a Gusau, ni nake ɗaukar darasin tsara sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa inda ake son aiki: sanda mai juyawa, giya, bel da fuli, boris da sauransu. Waɗanda suka zauna a ajina sun san halina, ni mutum ne mai zargi. In ɗalibi ya kawo mini lissafi ya fito tas, maimakon in yi murna sai in fara tunanin wa ya yi masa. Matata ma cewa take ko agogon bango na duba, sai na ciro waya don in kama shi da ƙarya.

A shekarar, ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe suka haɗa injin sussukar dawa, kowa da nasa, a matsayin aikin kammala karatu. Da kaka ta yi, muka kai ɗaya Tsafe, ɗayan kuma mai shi ya roƙa a kai garinsu, Karakkai ta ƙasar Bungudu, don a gwada a masussukar mahaifinsa.

A kowane inji akwai wata 'yar ƙusa da ke haɗa fuli, wato faifan da bel ke juyawa, da sandar. Da gangan ake yin ta rarrauna. In dutse ko icce ya shiga cikin dawa ya cije injin, ita ce take karyewa, komai ya tsaya, a ciro dattin a sa wata. In babu ita, ƙarfin zai tafi kan giya ko sandar, kuma ƙarfe in ya fashe yana juyawa ba ya tambayar wa ke tsaye kusa. Na gaya musu a aji, na kuma maimaita: duk wanda ya canza wani sashe a ɓoye don injinsa ya burge, to ya shirya maimaita shekara.

Mai injin Tsafe kullum cikin kira yake. “Malam, ta sake karyewa.” In ce madalla, sa wata. Na Karakkai ma da farko haka. Sai kawai na ji ɗif.

Mako ya wuce, wani ya biyo, shiru. Na kira ɗalibin Karakkai zuwa ofis na tambaye shi. Ya ce, “Malam, daga gida an ce inji lafiya lau yake aiki, bai ƙara tsayawa ba.” Yana faɗa yana murmushi. Murmushin nan shi ya ƙara tayar mini da hankali. Dawar Karakkai a kan darduma ake shanya ta? Ko duwatsun garin ne suka yi hijira zuwa Tsafe?

Da na koma gida na kasa cin tuwo da daɗi. Matata ta ce, “Kai dai Malam, inji ya lalace ka yi faɗa, inji ya yi lafiya ka yi faɗa. Yaron nan me zai yi maka ne?” Na ce ba ki san ɗalibai ba. A raina na riga na gama shari'a: ya ji tsoron mai jarrabawa na waje da zai zo, ya lallaɓa gida ya sa ƙarfe mai tauri don a ce injinsa ba ya tsayawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yaro ne mai ƙoƙari, kuma shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan matakin.

Ranar Asabar da hantsi na ce ya shigo mota, ban gaya masa inda za mu ba sai da muka ɗauki hanyar Bungudu. Ina tuƙi ina satar kallonsa, ina jiran in ga gumi. Shi kuwa sai ba ni labarin damina yake yi.

Mun tarar ana aiki, ƙaiƙayi na tashi, mata na tara dawa. Mahaifinsa, dattijo dogo marar yawan magana, ya tarbe ni da fura, muka gaisa sosai. Na lura bai ko kalli ɗan nasa ba, da yaron ya durƙusa ya gaishe shi sai ya amsa yana duban wani wuri. Ɗan fari ne, kun san alkunyar mutanenmu na karkara. Ko sunansa ba ya kamawa.

Na sa aka kashe injin, na buɗe murfin. Wayyo! Babu ƙusa babu alamarta. Wani ƙaton notin mota aka zura a ramin, aka bi shi da walda gaba da baya. Har bakin fulin ya fara tsagewa.

Na juyo na ce, “Wa ya yi wannan?”

Ɗalibin ya leƙo daga nesa, ya hango waldar, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ni ne, Malam.”

To, ga abin da na taso tun daga Gusau don in ji, an miƙo mini shi a hannu. Amma mai zargi ba ya hutawa. Amsar ta zo da sauri fiye da kima, kuma wancan kallon bai kwanta mini ba. Na rufe wurin da tafin hannuna na ce, “Da wane ƙarfe ka sa?”

Ya ce, “Rodi ne.”

Na ce, “Rodi ko? A ina aka yi maka waldar?”

Ya ce, “Malam, ni ne dai. Duk hukuncin da ya dace a yi mini.”

Na ce, “Ka san hukuncin. Shekara ce.”

Ya ce ya sani. Bai janye ba. Matan ma suka daina tara dawa.

Sai dattijon ya gyara murya. Ni yake kallo, ba ɗansa ba. Ya ce, “Malam, ƙarya yaka yi maka. Ni nik kai wa mai walda. Mutane na ta dariya a bakin masallaci, wai injin boko kullum sai ya karye. Ban iya jin haka ba. Kuma ban iya kiran wannan in ce mashi aikinai na da aibi. Nic ce bari in gyara mashi shiru, kowa ya huta.”

Na ce, “Baba, da ka tambaye shi ai.”

Ya ce, “Ina tambayar shi? Ɗan fari na hwa.”

Sai na juya wurin ɗalibin na ce jarrabawarsa ta yau ita ce ya bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa aka yi ƙusar rarrauna. Ya tsuguna, ya ciro sabuwar ƙusa daga akwatin injin, kansa a ƙasa, ya yi bayani tiryan-tiryan da Hausa, ya nuna tsagewar fulin, ya nuna inda ƙarfen zai nufa da ya fashe, daidai inda matan ke tsaye. Ban taɓa jin ya yi bayani mai kyau irin na ranar ba. Dattijon ya daɗe yana kallon wurin, yana ta salati a hankali.

Aka yanke notin, aka canza fulin, yaron ya gama karatunsa a shekarar. Tun daga lokacin ba na barin inji ya bar makaranta sai ɗalibi ya zauna da masu aiki da shi, ya gaya musu da bakinsa wane sashe ne aka yi don ya karye. Zargina kuwa yana nan, ban warke ba.

Abin da har yau yake taɓa mini zuciya shi ne lokacin da zan shiga mota. Dattijon ya biyo ni, ya riƙe ƙofar, ya waiga ya tabbata ɗansa ba ya kusa. Sannan ya kama sunan yaron, sunansa na yanka, a hankali kamar mai tsoron a ji shi. Ya ce, “Don Allah kak ka kada shi, Malam. In akwai mai maimaita shekara, ni na.”