Sifikar Hagu

Shekara takwas na yi ina haɗa sauti a ɗan ɗakin da ke bayan gidana a Orozo. Litinin zuwa Juma'a ma'aikaci ne ni a wata ma'aikatar tarayya, sashen ajiye fayil. Asabar da Lahadi kuwa ina ɗaukar waƙoƙin biki da tallan rediyo. Bangon ɗakin soso da tsohon kafet na manna masa, sifikokina kuma ƙanana ne, na hannu, masu inci biyar.

Yawancin aikina na wani abokina ne, mawaƙi, mazaunin Durumi. Tare muka yi makarantar kwana, tare muka zo Abuja neman aiki. Shi zai rera, ni in tace.

Wata Asabar ina tace waƙarsa sai na ji sifikar hagu ta dushe. Kalangu na fita sarai, amma sarewa kamar an lulluɓe ta da bargo. Na canza wayar sifikar, bai gyaru ba. Na musanya sifikokin, ta dama ta koma hagu, dushewar tana nan a hagu. Na ce to taga ce, na toshe ta da katifa. Haka na yi watanni ina ƙara wa sauti kaifi don in ji yadda nake so.

Da na gaji na tambayi abokin nawa, yana zaune a bayana yana latsa waya.

"Mutumina, kai ba ka jin gefen nan ya mutu?"

Ya ce, "Kayan ne suka tsufa. Ka sayi manya kawai ka huta."

Na sayar da babur ɗina, na tafi wani shagon kayan sauti a cikin gari. Mai shagon dattijo ne ɗan kudu, a kasuwa ya koyi Hausa. Ya jera mini kala uku, na ba shi waƙar da na fi sani ya sa. Ta farko ƙasan sautinta ya yi nauyi, har gilashin kantar shagon yana rawa. Ta biyu ba ta ƙara komai ba ta rage komai, shi ma ita ya yaba, amma ni na ji ta lami. Ta uku, mai inci takwas, ita ce ta fito mini da sarewa.

"Oga, wannan tana da kaifi sosai fa," in ji shi. "Zai huda maka kunne."

Na yi dariya na ce shekarata takwas a wannan aiki. Ya ɗaga kafaɗa ya sa aka ɗaure mini su a kwali.

A gida na ɗora su kan sababbin ƙafafu, na auna tazara da igiya, na zauna a tsakiya. Na kunna. Dama ta fito tas. Hagu tana nan yadda take.

Washegari na koma shagon. Ina jin kunyar abin da na faɗa masa a gaban masu sayayya, har da cewa jabu yake sayarwa. Bai rama ba. Ya ce ran Lahadi zai zo da kansa ya ji.

Ya zo bayan sun taso daga coci, da kayansa na fita. Ya zauna a kujerata ya saurara kamar minti biyu. Sai ya tashi ya ce in zauna, ya juya kujerar na ba sifikokin baya, ya sake kunnawa.

"Oga, yanzu wanne ne ta mutu? Nuna da hannu."

Na nuna. Da na waiwaya sai na ga ɗayar nake nunawa, wadda ɗazu take fita tas. Ya kashe waƙar, ya ce a hankali, "Sifika lafiya yake. Je ka ga likita."

A asibiti aka sa mini abin ji a kunne, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna maɓalli. Na daɗe riƙe da shi ban danna ba. Likitar ta ce kunnen hagu ya tafi da yawa kuma ba ya dawowa, na dama ma ya fara bi. Ta tambayi aikina, na faɗa mata. Ta ce da na zo tun farko na rage ƙarar da nake zama cikinta, da na daman bai taɓu haka ba.

Daga asibiti Durumi na wuce. Na sami abokina a ƙofar gida yana wanke mota. Na gaya masa duka. Ban ga mamaki a fuskarsa ba.

"Ai na lura, mutumina," ya ce. "An fi shekara."

"Ka lura da me?"

"Aikinka ya koma tsiii, ba ya sauraruwa. In na karɓa sai in kai wa wani a cikin gari ya sake tacewa. Ban so in karya maka zuciya ba ne."

Wato duk waƙoƙin da nake ji a gidajen biki ina nuna wa mutane da ƙirji, ba hannuna ba ne. Na ce masa, "Ka san haka ka ce in sayi manya?"

Ya ci gaba da matse tsumma. "To me kake so in ce maka?"

Na juya. Na tari mota na koma gida.

Mai shagon na je na ba shi haƙuri a gaban mutane, kamar yadda na zage shi a gaban mutane. Waƙa kuwa na daina karɓa. Tallan magana kaɗai nake yi yanzu, shi ma sai matata ta saurara ta ce ya yi kafin in tura.

Abokin nawa mun haɗu kwanan baya a wani suna a Kwali. Ya taho da fara'a ya kama hannuna, ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Mutumina! Yaya kunnen?"

Duk rumfar aka juyo ana kallona. Na ce da sauƙi. Ban jira abinci ba.