Ranar da Malam Ya Sake Takawa Daidai

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina haɗa bidiyo a shagonmu na Rano, ba zan taɓa manta ranar da wata Hajiya daga Tarai ta zo ganin mijinta ba.

Mijin nata, Malam, ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon da ke sa jiki rawa. Hotonsa mai motsi guda ɗaya ne a duniya, wanda aka ɗauka a walimar saukar jikarsa tun yana da lafiya. Ɗansu ne ya kawo mana kaset ɗin mu mayar da shi faifai. Kwamfutarmu kuwa da ta ga babban aiki sai ta sandare, don haka na matsa wa yayana, mai shagon, har ya sayo ƙarin memori mai yawa daga Kano, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aiki a ciki. Na saka, aiki ya buɗe, ina ta hura hanci.

Hajiya ta kasa jiran faifai, ta biyo ɗanta. Muka ba ta kujera, na kunna. Sai ga Malam a allo yana tsinkewa, ya ɗaga ƙafa ya ƙame, ya zabura, hannunsa na karkarwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ashe har a nan ma bai samu sauƙi ba?"

Wallahi maganar nan ta soke ni. Yayana ya ja ni gefe yana huci, "Kai da iyayinka! Cire abin nan, jabu aka sayar mana."

Na ce, "Yaya, memorin nan lafiyarsa ƙalau. In na cire, ko buɗewa bidiyon ba zai yi ba. Ka bar ni da kwamfutar."

Ba cika baki nake ba, na taɓa ganin irin haka a inda na koyi aiki. Idan memori ya yi yawa, kwamfuta takan rikice wajen rabon wuri, ta hana katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo, damar karɓar saƙo a dunƙule. Sai ta riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan, kamar mai cika rumbu da ludayi.

Na roƙi Hajiya ta shiga maƙwabta ta yi la'asar. Na buɗe saitin, na ga sabon memorin ya cinye duk guraben. Na sake tsara rabon, na samar wa katin hoto gurbinsa, na umarci kwamfutar ta riƙa tara saƙon kafin ta aika. Yayana na tsaye a kaina yana cewa in ta mutu ni da shagon sai dai hange. Ban ko ɗaga kai ba, na kashe na kunna.

Da Hajiya ta dawo na sake sakawa. Malam ya fito cikin farar riga, ya ratsa tsakar gida tiryan-tiryan, ya sunkuya ya dafa kan jikarsa, hannu ko gezau. Hajiya ta kama bakin mayafinta ta share ido, tana murmushi.

"Haka yake tafiya," in ji ta. "Da na manta."

Tun ranar na gane cewa ƙara wa abu ƙarfi ba shi ne gyara ba, sai ka zauna ka tsara masa yadda zai yi amfani da ƙarfin. Kuma ban sake kunna wa kowa hoton mamacinsa ba sai na fara kalla ni kaɗai.