Dammunan aro a rumbun abokina

Shekarun baya, ana dab da sauke tutar Ingila, ina sana'ar sayen gyaɗa da fatu da awaki tsakanin Rano da Kibiya. Ban gaji sana'ar ba, da jaki ɗaya na fara. Ɗan Turancin da na iya kuwa a bakin sikelin kanti na tsince shi. Na iya gardamar awo da shi, amma in aka ce in gaida mutum cikin ladabi sai gumi ya keto min.

Wannan guntun Turancin ne ya sa aka haɗa ni da wani saurayin Bature. Ɗalibi ne, malamansa suka turo shi daga ƙasarsu ya zauna da wata ƙungiyar agaji kusan shekara, ya koyi aikin taimako a inda ake yin sa. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri a yankinmu, dawa ba ta yi ido ba. Ƙungiyar ta samo hatsi da irin shuka, amma ba zai ishi kowa da kowa ba. Aka ce ɗalibin ya zaga ƙauyuka ya rubuto inda yunwa ta fi tsanani, can za a kai. Ni ne tafintansa.

Mutumin kirki ne, ba ya ƙyamar kowa. Sai dai ya zo da dabara ɗaya da aka koya masa, wai kada ya yarda da abin da aka faɗa, ya duba da idonsa. Duk gidan da muka shiga sai ya ce a kawo tsani ya leƙa rumbu. Na gaya masa a wurinmu ko ƙanin mutum ba ya leƙa masa rumbu. Ya ce ya gane, amma in bai duba ba, masu iya magana za su cinye rabon marasa baki. Ban ga ƙarya a maganarsa ba, na ƙyale shi.

Akwai wani ƙauye bayan Tarai inda abokina yake, tare muka tashi da shi. Na san halin da suke ciki fiye da dagacinsu, domin dillali kan riga kowa sanin gidan da abinci ya ƙare. Tun kafin sanyi ya fita matan ƙauyen suke aiko min da awakinsu, har masu ciki, waɗanda ba a sayarwa sai dole. Akuyar mai ɗakin abokina ma ni na saya, kuma ban saya da tsada ba.

Ana jibi za mu je ƙauyen, abokina ya same ni a kasuwar Kibiya, ya ja ni bayan rumfa.

"Sarkin riba, an ce Baturenka hawa rumbu yake yi."

"Yana hawa, mutumina. In ya ga babu, buhu zai biyo baya. Ka bar shi ya gani."

"A gaban surukina? A gaban mai unguwa? Shekarar da fara ta cinye gonaki, ubana ne ya ciyar da rabin ƙauyen nan. Ni ne za a sa a takarda an ce na kasa riƙe gida?"

"Ai ba kai ka hana ruwa sauka ba."

"Na sani. Abu ɗaya nake roƙo. Abin da na faɗa shi za ka juya masa, kada ka ƙara ko kalma."

Na ce na yi alkawari.

Ranar da muka isa, an share ƙofar gidaje, an yanka zakara, an dama fura da nonon da suka samo a rugar maƙwabtansu. Ɗalibin ya hau tsani a gidan abokina, ya ga rumbu cike da dammunan dawa har baki. Na hau bayansa. Kallo ɗaya na yi na gane ɗaurin dammunan ba na hannu ɗaya ba ne, kowane gida da yadda yake ɗaure nasa. Na tura hannu ƙasa kaɗan, na ji kara zalla. Ashe duk abin da ya rage a ƙauyen suka tattara wuri ɗaya. Muna zaune a zaure ana shan fura, ina jin motsi ta bayan danga, ana tsallakar da dammunan zuwa gida na gaba. Dawar nan guda ɗaya ɗalibin ya leƙa a gida shida, yana ta rubutu.

Ya tambayi abokina ko abin zai kai su kaka. Abokina ya gyara zama ya ce, "Da ikon Allah zai kai, har mu taimaki wani." Na juya masa yadda aka faɗa.

A hanyar dawowa muna tura kekunanmu cikin yashi, ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Kai da ka san su, haka abin yake?"

Na ce, "Ai ka gani da idonka."

Na daɗe ina gaya wa kaina alkawari na riƙe. Amma ba zan ɓoye muku ba, na kuma san cewa in hatsi ya shiga ƙauyen, awaki masu araha za su daina zuwa. Har yau ban iya rarrabe wanne ne ya riƙe min baki ba.

Hatsin ya tafi wajen Rurum da wasu ƙauyuka, su ma mabuƙata ne. Mutanen abokina kafin bazara ta ƙare sun cinye har irin shukarsu. Ruwa ya sauka, babu abin zubawa a rami. A tsakiyar damina ƙaramar 'yarsa ta rasu. An ce zazzaɓi ne, amma wanda ya ga wuyan hannunta ya san da me zazzaɓin ya same ta. Da na je gaisuwa na ɗora buhun dawa a jaki, buhun da ya kamata in kai tun wata uku baya. Ba a daɗe ba abokina ya kwashe iyalinsa ya bar ƙauyen, sauran ma suka watse.

Kafin ɗalibin ya koma ƙasarsu ya je yi musu sallama, ya tarar da gidaje a rufe da ƙaya. Ya zo shagona a Rano idonsa ja. Na gaya masa labarin dammunan. Ya tambaya, "To da yaya zan sani?"

Na ce, "Da ka ajiye tsanin nan ka zauna kwana uku, ka lura sau nawa hayaƙi yake tashi daga madafarsu, da ba sai kowa ya buɗe baki ba."

Ya rubuta. Bai tambaye ni dalilin shiruna ba, ni ma ban kawo zancen awaki ba.

Bayan shekaru na gamu da abokina a Kano yana dako a kasuwa, ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya sauke kayan da ke kansa, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Sarkin riba, Allah ya saka maka. Ranar nan ka rufa min asiri, ban manta ba." Na ce amin.

Abin da na koya shi ne, mai kawo taimako daga nesa da idon ɗan gida yake gani, ko da yana zaton nasa ne. In ɗan gidan ya kau da kai, an gama. Na yi ciniki iri-iri a rayuwata, wasu na ci riba, wasu aka cuce ni, duk sun wuce ban riƙe su ba. Godiyar mutumin nan ce kawai, in ta faɗo min a rai ina cin abinci, sai in ture kwanon.