Sambatun Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" take ce mini, in kuma zancena take yi da wani sai ta ce "wancan". Kunyar ɗan fari a wajen matan garinmu Ɗanzomo na zamaninsu ba abin wasa ba ce. Ga ni da 'ya'ya huɗu, gemu ya fara furfura, amma ina nan a wancan ɗina.

Da likita a Gumel ya ce sai an yi mata tiyata an cire ƙarin da ke cikinta, zancen wuƙa ko a jikinta. Allurar barci ce ta tayar mata da hankali. Akwai wata maƙwabciyarmu da aka taɓa yi wa aiki, tana farfaɗowa ta kama sambatu, ta rangaɗa wa mijinta kira da sunansa na yanka a gaban surukai. Mata ba su daina yi mata tsiya a gidan biki ba.

"Ni ba za a tozarta ni da tsufana ba," in ji Inna. "A mayar da ni gida."

Na je na samu ma'aikacin da ke yin allurar, wani dogo mai fara'a, na zayyana masa damuwarta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zo ya durƙusa a bakin gadonta.

"Inna, gaskiya ne, maganin barcin nan yakan sa surutu. Amma ba shi kaɗai muke bayarwa ba. Akwai wani da muke haɗa masa, yana kwantar da hankali ya rage sambatun. Ga kuma na kashe zafi, don kada ciwo ya tashe ki a gigice."

"Ragewa ka ce, ko hanawa?"

"To, Inna, bakin mutum ai ba a hannunmu yake ba."

Ta harare shi, ta harare ni, sannan ta dangwala yatsa a takardar amincewa da aikin. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, cewa nake a raina ina ma ya manta da maganin nan na biyu!

Da hantsi aka fito da ita daga ɗakin tiyata. Ƙanwata ta tafi neman ruwan zafi, ya rage saura ni kaɗai a gefen gado. Can sai Inna ta buɗe ido kaɗan, ta dube ni, ta kira sunana. Cikakkensa, yadda liman ya raɗa mini shi.

"Ka ci abinci kuwa? Duk ka rame."

Ta koma barcinta. Wallahi daɗi ne ya kama ni har ya zama kuka. Na juya na fuskanci bango, ƙato da ni, ina share ido da hula.

Sai da la'asar ta dawo hayyacinta sosai. Ta yafito ni, ta yi ƙasa da murya.

"Kai. Na yi wani shirme?"

"Ko uffan ba ki ce ba, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Dogon nan ya san aikinsa. To matsa can, ka tare mini iska."

Na matsa. Shekara shida ta ƙara a duniya, ban taɓa gaya mata ba.