Mai Lemon Tsami na Oxford Road

Kusa da inda nake jiran bas akwai wani Ba'indiye mai gashin baki, sanye da rigunan sanyi biyu, yana sayar da ruwan lemon tsami da ƙanƙara. Abin shan garinsu ne a Kerala, wai shi kulukki. Yana matse lemo, ya zuba sukari da wasu 'ya'yan ganye masu kama da ƙwan kwaɗo, ya tsaga ɗanyen barkono ya jefa. Sai ya kife kofi a kai yana girgizawa, tumbinsa na taya shi rawa. Da gani ya daɗe rabonsa da gida.

Ina kurɓa sai hawaye. Ya dafa kafaɗata cikin tausayi.

"Brother," in ji shi, "ni ma kewar gida nake yi."

Ya ƙara mini barkono.