Buhunan Kwalkwalawa

Shekara shida bayan an cire mini nono na hagu, hoton ƙirji ya nuna wani ɗan tabo a huhuna na dama. Ko tari ba na yi a lokacin. Na je dubawar da nake zuwa duk shekara ne, da niyyar daga asibiti in wuce injin casa. Likita ya juyo mini da kwamfuta, ya nuna abin da bakin biro. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Bayan mako biyu aka kwantar da ni rub da ciki, aka soka doguwar allura ta baya, aka tsakuro ɗan nama. Sakamako ya fito: ciwon dajin nan ne na da ya sake leƙowa. Aka sa ranar aiki, aka yanke yankin huhun da yake ciki.

Sana'ata shinkafa. Da tukunya ɗaya na fara gumi, wato turara shinkafa, a tsakar gidanmu na Unguwar Rogo, bayan rasuwar maigidana, ba wanda ya ɗora ni. Ina sayen shanshera, shinkafa mai ɓawo, a hannun manoman Kwalkwalawa, in turara, in shanya, in kai inji, in sayar. Tsakanina da manoman nan babu takarda. Al'adarmu ita ce, idan girbi ya gabato, mai saye ya kai buhunansa na wofi gidan manomi. Wanda buhunsa ya kwana a gidan, shi ke da shinkafar. Nawa suna da jan fenti a gefen baki, kowa ya san su. Shekara da shekaru ban taɓa aika wani ba, da ƙafata nake kai su. A wannan shekarar, lokacin kai buhu ya same ni a kwance.

Na dawo gida da ɗinki a ƙarƙashin hammata, da wani rami a haƙarƙari inda aka zare robar da ke fitar da ruwa. An ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye uku a ciki, aka ce in riƙa zuƙar iska ta bututunta har su tashi. Ranar farko guda ɗaya ce ta ɗan motsa, ta koma ta zauna. Idan tari ya zo, sai in rungume matashi in danne wurin, ina ji kamar ana buɗe ni da hannu. Ɗiyata ta baro gidan mijinta ta dawo jinyata. Ita ke tayar da ni in taka daga gado zuwa ƙofa, in huta, in komo.

Sai 'yan dubiya.

A ciwona na farko, mutane sun zo da kunu da lemo da addu'a, na kuma gode. A wannan karon labari ya riga ni isowa unguwa: ya dawo, kuma a huhu. Kowa ya yanke nasa hukuncin a ɗakinsa. Saboda haka abin da suka riƙa kawo mini shi ne neman yafiya.

Ban raina neman yafiya ba. Abu ne mai kyau, addini ya yi umarni da shi. Abin da na raina shi ne lokacin da suka zaɓa. Mutum ya zauna da laifinsa shekara goma yana gaishe ki kullum yana dariya, sai ranar da ya ga ba ki da numfashin da za ki mayar masa da magana, ya shigo da hawayensa ya sauke miki. Ya fita sakayau, ke ya bar ki da shi a kan ɗinki.

Maƙwabciyata ta bayan gida ce ta fara. Ta zauna a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Hajiya, duniyar ga ba wurin zama ba ce. Babbar tukunyarki ta gumi da taɓ ɓace shekarun baya, tana wurina. Ki yahe min.”

Tukunyar da na kori mai aiki saboda ita. Na dube ta, na ce, “Tana nan lahiya?”

“Tana nan, Hajiya.”

Ban ji ta ce za ta kawo ba. Ta shafa addu'a, ta sha lemon da wasu suka kawo mini, ta tafi.

Wata ta ce ita ce ta yaɗa a gidan biki cewa ina haɗa tsohuwar shinkafa da sabuwa. Wata kuma ta shigo da kaskon turaren wuta yana tuƙa hayaƙi, wai ɗaki ya yi warin asibiti. Ɗiyata ta karɓe shi ta kife a bakin rariya, ni kuwa na yi tarin da har na ga duhu. Da na farfaɗo, matar tana tsaye tana kallona tana girgiza kai, da alama tarin ya tabbatar mata da abin da ta ji. Ta ga robar ƙwallayen a kan matashi ta ce wa ta kusa da ita, a hankali wai don kada in ji, “Wayyo, har abin wasa sunka ba ta.”

A rana ta goma, bayan la'asar, ƙanena ya zo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni na koya masa yadda ake tauna ƙwaya a gane ko ta bushe, ni na fara shiga da shi Kwalkwalawa yana riƙe mini jaka. Yanzu yana da rumfarsa. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a ɗakina ba.

“Adda, ya jiki?”

“Ga shi kana gani.”

Ya murza hular. Sannan ya fara kuka, irin na babban mutum, mai ƙara a hanci.

“Adda, akwai abin da nika son ki yahe min tun muna ganin juna.”

“Mi kay yi?”

“Randa anka shiga da ke aiki, na tahi Kwalkwalawa. Na kai buhunana. Nic ce musu ke kinka aiko ni, kin ce bana su ba ni, don likitoci sun ce abin ya yi nisa.”

“Wane likita yah hwaɗa maka?”

“Adda, ai kowa ya sani.”

Ranar da aka shiga da ni aiki. Ina kwance an tsaga mini haƙarƙari, shi yana kan babur da ɗaurin buhuna a baya. Na so in ɗaga murya, amma huhun da ya rage bai ba ni ba. Kuma gaskiya, a ranar ni ma ban san ko yana da gaskiya ba. Naman da aka yanke yana wurin gwaji, ba a gaya mini komai ba tukuna.

“Ki ce kin yahe, Adda, hankalina shi kwanta.”

“Buhunan hwa?”

Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske. Bai zo da maganar buhu ba. A lissafinsa, shinkafa ta riga ta zama tasa, yafiyar ce kawai ta rage ya karɓa kafin a rufe ƙofa.

Na ce, “Ka dawo in na samu numfashi.”

Bayan kwana huɗu aka mayar da ni asibiti cire zare. Likita ya buɗe takarda ya ce ciwon wuri ɗaya ya tsaya, an cire shi duka, gefen naman babu komai. Ya ce ba a gama da ni ba, za a ci gaba da hoto da magani, amma a yanzu babu abin da ya gani. Ɗiyata ta fashe da kuka. Na yi hamdala, sannan na tambaye shi ko zan iya zuwa Kwalkwalawa.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Hajiya, me za ki yi a can?”

“A gan ni.”

Ya ce in ba shi mako biyu. A mota, ba babur ba, ba keke mai ƙafa uku ba. In rufe hanci, kada in ɗaga ko butar alwala cike, kuma ni da hayaƙin gumi har abada. Sharaɗin ƙarshe, sai na iya tafiya daga ɗakina zuwa bakin titi in dawo ba tare da an riƙe ni ba.

A hanyar gida na ce wa ɗiyata kada ta gaya wa kowa. Na san idan ƙanena ya ji, washegari zai je ya tsaya a kan manoma su yanke shinkafar ko ba ta gama nuna ba. Ta ce, “Inna, mutane na ta yi miki kuka.” Na ce su ci gaba, ba ni na sa su ba.

Makonni biyun nan na yi su kamar mai aikin lada. Bayan kowace salla, robar ƙwallaye. Ta biyu ta tashi a rana ta biyar. Ta uku rawa kawai take yi a ƙasa, har yau ban taɓa kai ta sama ba. Da hantsi, lokacin da mata ke cikin aikin gida ba mai leƙowa, in taka zuwa famfo, daga baya zuwa zaure, daga baya har soron waje. Da rana in koma gado, masu neman yafiya su shigo. Na ji abubuwa a kan kaina da ban taɓa sanin an yi ba. Wani ma da ban gane shi sosai ba ya nemi yafiya a kan abin da bai faɗa ba, don dai kada a bar shi a baya.

Ranar da na kai bakin titi na dawo, na sa aka fito da buhunana masu jan fenti daga sito. Washegari da safe mijin ɗiyata ya kai mu a motarsa.

Mota ba ta shiga har ƙofar gidan dattijon da na fi daɗewa da shi, wanda sauran manoman ke bin maganarsa. Na sauka na taka. Sau biyu na tsaya na dafa katanga, gumi yana bin ɗinkin. Ɗiyata na baya da buhuna a ka. Dattijon yana zaune a gindin darbejiya yana gyara lauje. Ya ɗago, ya daɗe yana kallona.

“Hajiya? Ai an ce muna...”

“Na san abin da anka ce. Ni ban aiko kowa ba, Baba. Ga ni, ga buhunana.”

Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Sai da numfashina ya daidaita sannan ya yi magana. Ya ce shi tun farko abin bai kwanta masa ba, don ban taɓa aike ba. Ni kuwa na ga buhunan ƙanena a jingine cikin zaurensa, a ninke, an ɗora musu dutse. Abin bai kwanta masa ba, amma ya karɓa. Ya tashi da kansa ya ɗauke dutsen, ya fito da su waje, ya shigar da nawa.

Kafin azahar labari ya zaga. Mafi yawansu sun karɓi buhunana. Mutum biyu da shinkafarsu ta riga ta nuna sun cika na ƙanena tun kwana uku da suka wuce, ta tafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai fadamar da ta fi kowace kyawun ƙwaya. Wannan na rasa ta, kuma har yanzu ba ta dawo hannuna ba.

Ƙanena ya zo bayan kwana biyu. Bai cire hula ba, bai zauna a ƙasa ba, kuma babu hawaye. Ya ce na kunyata shi a gaban manoma.

Na ce, “Ka ce in yahe maka. Na samu numfashi. Na yahe, don Allah. Buhunanka na gindin darbejiya, ka aika a ɗauko kahin awaki su cinye.”

Daga ranar da aka gan ni a bakin titi, ba wanda ya sake shigowa neman yafiya. Maƙwabciyata mai tukunya takan canja lungu idan ta hango ni. Na aika ɗiyata ta karɓo tukunyar, ta dawo da ita gindinta ya ɓule.

Shinkafar dattijon ta iso ranar wata Laraba. Mata na gumi a can bayan gida, ni ina zaure, inda hayaƙi ba ya kaiwa. Aka kwance buhu na farko aka kawo mini cikin tafin hannu. Na ɓare ƙwaya ɗaya na tauna. Ba ta gama bushewa ba. Na ce a baza ta a rana.