Ranar da Aka Kifar da Koci Tokuda

Kafin 'yan wasa su iso, Koci Tokuda ya riga ya tare ƙofar zauren wasanni da tsumma a cinya, yana goge tayoyin kekensa na guragu kamar mai yi wa jariri wanka. Yatsunsa ba sa kamawa tun da ya karye a wuya yana saurayi, don haka da bayan hannu yake gugar. Wanda ya zo da taya mai datti, waje zai koma.

Duk shekarunsa a wasan ƙwallon rugby na keken guragu, ba a san shi da cin ƙwallo ba. Aikinsa ya cusa ƙarfen gaban kekensa a tayar abokin hamayya, ya riƙe shi gam har wani ya wuce ya ci. Matarsa Fumie ta ce ta tara hotunansa na jarida, amma gwiwar hannunsa kawai ke fitowa.

Shekarar da Uwargida Kuwabara ta zama shugabar zauren, ta ga baƙin zanen taya a daben katako, ta ce 'yan ƙungiyar Tokuda su tattara nasu-ya-nasu kafin ƙarshen wata. Ga shi babu wani zaure kusa da keke ke iya shiga. Ƙungiya za ta watse ke nan.

Tokuda ya rusuna, ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta hau keke ko sau ɗaya kafin ta yanke hukunci. Ta hau da kayan ofis ɗinta. Ya ce wa Noguchi, ƙaton ƙungiyar, ya ɗan taɓa ta a hankali. Noguchi kuwa bai san hankali ba. Ƙarar karon sai da ta fito da masu wasan ƙwallon kwando daga ɗaya sashen. Tabaranta ya rataye a kunne ɗaya.

Ta gyara tabarau, ta tambayi wa ya ba da umarni. Duk marasa amanar suka nuna koci. Ta ja da baya, ta taho a guje, ta kifar da shi.

Yana kwance, tayoyi na juyawa a sama, ya ce, "Uwargida Kuwabara, wannan zanen dai naki ne. Mu nan, kowa shi ke goge nasa."

Ta sauko daga keken ta durƙusa ta goge, zanen ya fita tas. Maganar kora ba ta sake tashi ba. Har yau takan zo wasa ranar Laraba, kowa na addu'ar kada a haɗa shi da ita.

Koci, ga shi wannan makon za ka ajiye usur. Kai ne katangar da ake cin ƙwallo a bayanta a manta da ita. Kai ne ka sha ƙasa don yara su samu wurin wasa. Mun gode.

Sauranmu, mu koya: in an ce za a kore ku, ku ba mai korar kujera. Amma fa ku ɗaura bel.